Misalin Manhajar da Ba Ta Auna Abin da Take Karɓa

Akwai wani mutum mai ƙaramin asibiti, wanda ya sayi manhajar ajiye bayanan majinyata a hannun wani dillali. A rufe aka ba shi ita, ba wanda ya ga asalin rubutun da aka gina ta da shi. Yana kuma da wata dattijuwa da ke shigar da sunaye a kwamfuta, shekara goma sha tara tana yi masa aiki.

Wata rana aka tarar rukunin jinin wata mai juna biyu ya sauya a kwamfuta, saura ƙiris a ƙara mata jinin da ba irin nata ba. Maigidan bai bincika ba. A gaban ma'aikata ya ce wa dattijuwar, "Iya, idonki ya gaji. Ki ajiye aiki."

Sa'an nan ya kira budurwar da ke kula da kwamfutocinsa, ya ce ta sa hannu a takarda cewa manhajar ba ta da aibi. Budurwar ta dubi takardar, ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na shaidar abin da ban gani ba. A ba ni asalin rubutun, in sake harhaɗa manhajar daga gare shi da hannuna."

"Dillali ya rantse mini."

"Rantsuwarsa tasa ce."

"To, ku tafi tare da tsohuwar."

"Za mu tafi. Amma sai na duba."

Kwana uku tana matsa wa dillalin, har ya saki rubutun. Da ta fara harhaɗa shi, sai ga gargaɗi ya fito a kwamfutar. Ashe gurbin suna na haruffa arba'in ne, amma sashen da ke karɓar sunan ba ya ƙirgawa. Duk abin da aka zuba masa haɗiyewa yake yi, rarar kuwa ta malala cikin gurbin da ke kusa, inda rukunin jini yake. Mai juna biyun nan kuwa an rubuta sunanta da na mahaifinta da na mijinta, har ya wuce haruffa arba'in.

Budurwar ta kira maigidan, ta buga sunan a kan idonsa, rukunin jinin ya sauya. Ta cire sashen, ta maye shi da wanda ke tsayawa in gurbi ya cika.

Maigidan ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya ta dawo gobe."

Ta ce, "A gaban mutane ka kunyata ta. A gaban mutane za ka wanke ta." Haka kuwa ya yi.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: manhajar da aka rufe ita ce maganar da ake miƙa muku a shirye, a ce kada ku tambayi tushenta. Gurbin nan zuciyarku ce. Wanda ke karɓar kowane zance ba tare da awo ba, ba shi kaɗai yake cutuwa ba. Abin yakan malala kan maƙwabcinsa, mafi yawa kuma marar ƙarfi ne ke ɗaukar laifin. Ubangiji bai kira mu mu sa hannu a kan ƙarya don mu tsira da abincinmu ba. In an kawo muku zargi a kan talaka cikin wannan mako, ku ce a nuna muku asalinsa. In an ƙi, ku ma ku ƙi.