Ranar da Kurege Ya Shuka Kansa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya ja baya da wuta.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta kwana.

A zamanin da gajimare ke saukowa tafki shan ruwa tare da shanu, an yi wani Kurege haifaffen jigawa. Kun dai san jigawa, ƙasa mai laushi, ruwa ya faɗo ya wuce kamar baƙon da bai son tuwon gidan. Kuregen nan ba ya noma. Abin da Allah ya ba shi harshe ne, harshen kuma aiki biyu yake yi, ƙarya da ɗanɗanon ƙasa.

Ɗanɗanon kam gaskiya ne, kada wani ya yi mini musu. In bazara ta yi, dabbobi sai su ɗebo ƙasar gonakinsu su kawo masa. Ya tofa mata yawu, ya dunƙula, ya lasa, ya lumshe ido. In ta warware a hannu ta yi ƙaras-ƙaras a haƙori, ya ce jigawa ce, a ba ta gero da gyaɗa. In ta rina tafin hannu ja, ya ce jangargari ce, dawa take so, amma a tallafa mata da taki. In ta zo da sanyi da ƙarnin kifi, fadama ce, a nemo shinkafa da rake. Wanda ya zo hannu wofi ya ce fartanya ta ƙi shiga, Kurege ya yi masa jaje, ya ce fako ya gada, ya je ya yi shanya a kai. Ladansa gyaɗa cikin tafi.

To, cikin tafi ya taɓa isar makwaɗaici? Idonsa na kan maƙwabciyarsa, Inna Bushiya, tsohuwa wadda ba ta da komai a duniya sai buhu guda na irin gyaɗa, shi take jira ta shuka ta ci shekara.

Wata rana yawo ya kai Kurege wani kwari da bai taɓa takawa ba. Ƙasar baƙa ce wuluk, ta tsattsage kamar dugadugan tsoho, kowace tsaga ta shanye tsawon hannu, ciki sanyi kamar randa. Dabaro ke nan. Kurege ya lasa, ya ji maiƙo. Ya ce a ransa, ga rumbuna barkatai, ba magini, ba jinka. Ɗan jigawa ne, a garinsu ramin da ka bari da rani shi za ka tarar da damina, sai ya ɗauka ko'ina haka ne.

Ya dawo ya durƙusa gaban Inna Bushiya. Ya ce mata irin bana sai an kai shi ya kwana da ƙasa sun saba, in ba haka ba ƙasa za ta yi masa kallon baƙo ta ƙi riƙe shi. Tsohuwa ta ce tun kakanninta ba ta taɓa jin haka ba. Ya ce ai shi ya sa kakannin nata suka mutu da buhu guda. Ta miƙa masa buhun.

Ya koma kwarin nan, ya juye gyaɗa cikin tsaga mafi zurfi, ya bi ta ya shige. Ya ci, ya ci, ya ci, rana na dukan duniya a waje, shi yana cikin sanyi. Barci ya ɗauke shi. Ya yi mafarki sama ta zama gona, taurari duk gyaɗa, yana iyo a tsakaninsu da wutsiya, yana tsinka, wata na ɓare masa. Ya ji ana buga masa ganga daga nesa, ya ji wani yana rungume shi a hankali, a hankali. Ya ce a bar shi haka, daɗi.

Gangar nan tsawa ce. Rungumar kuwa dabaro ce ta sha ruwan fari, ta kumbura, tana rufe tsagoginta kamar mai rufe ido. Ko da ya farka ya yunƙura sama, kai ya fita, sauran jiki ƙasa ta ce nata ne. Ya ja, ta riƙe. Ya ja, ta ƙara riƙewa. Numfashi ya fara zuwa da kyar, ga shaho yana kewaya sama yana lissafin kalaci.

Can sai ga Inna Bushiya, ruwa ya sauka tana neman irinta, ta taho da ƙaninta Dabgi mai tonon gidan gara. Suka tarar da kai a tsakar fili kamar an dasa albasa. Dabgi ya leƙa, ya ce, "Yaya, mu bar shi. Ƙasa ta san wanda ta kama."

Kurege ya haɗiye kuka, ya yi hamma, ya ce, "Ku bar ni mana, Kawu, abin da nake roƙo ke nan. Shuka kaina na yi. Wannan ƙasa in ka ba ta ɗaya, ɗari take mayarwa. Ku dai ku share wuri, da kaka ina tafe da sauran."

Inna Bushiya ta tambaya wane sauran. Ya ce kurege ɗari yake nufi, duk kamarsa sak, kowanne da harshensa, kowanne maƙwabcinta.

Tsohuwa ta tuna buhunta guda da ya salwanta, ta ƙiyasta shi sau ɗari. Ƙayoyinta suka miƙe. Ta ce, "Dabgi, tone shi kafin ya yi saiwa."

Dabgi ya sa farce. Kurege na ihu a ƙyale shi ya tsira, su kuwa suna ƙara sauri. Suka kama kunnuwa suka finciko shi, laka ta kankare masa gashin haƙarƙari hagu da dama, shi ne farin layin nan da kuke gani a jikinsa har yau. A ƙarƙashinsa ga abin da ya rage na gyaɗa, ta jiƙa, ta fara fitar da baki. Inna Bushiya ta kwashe a zani, za ta kai jigawa ta shuka tun ƙasa na da danshi.

Kurege ya karkaɗe jiki, ya ce to ga shi iri ya saba da ƙasa kamar yadda ya faɗa, ina ladansa? Tsohuwa ta dunƙulo dabaro cikin tafi ta cusa masa a baki, ta ce ya ɗanɗana da kyau, wannan karon da ruwanta.

Shi ya sa in kun ga kurege ya miƙe tsaye a bakin rami yana kallon sama, ba addu'a yake yi ba. Hadari yake dubawa.

Kurunkus kan kurege. Ku kuma ku riƙe wannan: mugun hali jari ne, in ka tara shi da yawa, ko ƙasa ta haɗiye ka maƙwabta za su tono ka don kada ka tsira ka zama ɗari.