Karen Da Ya Juya Wa Daji Baya

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a can Birnin Kurmalo, an yi wani sarki mai suna Barmo, wanda albarkar ƙasarsa ke rataye da garken fararen tumakin da ya gada. Mai tsaronsu shi ne Gagarau, wani ƙaton kare mai girman maraƙi, wanda aka rena cikin 'yan raguna da nonon tunkiya. Al'adar irin waɗannan karnuka ita ce su ba garke baya, su fuskanci daji, inda kura ke fitowa.

Sai tumaki suka fara raguwa, ba jini, ba sawu, alhali ba a daɗe ba da wani baƙon attajiri ya ƙara wa garken rago mai ƙahon azurfa. Gagarau kuwa ya juya wa daji baya, ya zuba wa garke ido. Fadawa suka ce ya ɗanɗana nama ne. Sarki ya sa aka ɗaure shi, ya ce za a kashe shi, a kori Tanimu makiyayi daga ƙasar.

Yalwa, mahaifiyar Tanimu, ta yi kwanaki tana neman mai laifin. Ta zargi fadawa, ta zargi maƙwabta, har ɗan nata ta tsare ta ce, "Kai, dube ni nan. Sayarwa kake yi?"

"Haba Inna! Ni?"

Ta tafi garke da hantsi, inda aka ɗaure karen, tana hararar sa. Tumaki suka gangara rafi, bai ko waiga ba. Ragon nan mai ƙahon azurfa ya motsa, sai gashin wuyan karen ya miƙe. Nan ta gane ragon yake sa wa ido, ba tumakin ba.

Ta zube a gaban sarki, ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na rantse wa kowa, ko ɗana. Amma a kwance karen nan a gabanka. In ya taɓa tunkiya, a haɗa da ni a kora."

Sarki ya je garke, aka kwance sarƙa. Gagarau ya ratsa 'yan raguna bai ture ko ɗaya ba, ya cafke maƙogwaron ragon. Fatar ta yage, wani baƙin aljani ya fito yana kururuwa, ashe shi ne attajirin, ya shige fatar rago, ya zo kwashe albarkar ƙasar. Ya zama hayaƙi, tumakin da ya haɗiye suka yi ta tuttuɗowa daga fatar suna kuka.

Sarki ya aurar wa Tanimu 'yarsa Gimbiya Kilishi, da yardarta. Ranar biki Yalwa ta tsaya a ƙofa da Gagarau, duk dabbar da aka kawo gudummawa sai ya shinshina.

Wani bafade ya ce, "Inna, wannan fa ragon sarki ne!"

Ta ce, "Allah ya ja zamaninsa. Matso da shi."