Rantsuwa a Kan Fayil ɗin Injiniya

An ce wai mai shara ce ta fara lura, wata safiya, cewa 'yar fitilar da ke jikin na'urar sadarwar asibitin haihuwa na wani gari ta daina ƙiftawa. Ta goge ta da gefen zanenta, ba ta kama ba, ta ci gaba da shararta.

Ta wannan na'ura ake tura hoton cikin mata masu juna biyu zuwa ga likita a birni, ya duba, ya faɗi wadda za ta haihu a nan da wadda dole a tafi da ita. Wanda ya haɗa ta shi ne Injiniya Bawale. Shi ya rubuta fayil ɗin da ke gaya wa kwamfutar da ke tafiyar da na'urar adireshinta da ƙofar da za ta bi ta fita intanet. Ya taɓa ganin wani mai karambani ya lalata aikin, saboda haka da ciwon ajali ya kama shi, sai ya sa almajiransa biyu, Sagiru da Zinatu, suka rantse ba za su goge ko canza harafi ɗaya a cikinsa ba.

Bayan rasuwarsa kamfanin da ke ba su intanet ya sauya adireshin ƙofar. Fayil ɗin ya ci gaba da nuna tsohuwar, hotuna suka daina tafiya, mata suka riƙa zuwa suna komawa gida ba amsa.

Zinatu ta ce akwai mafita. Babbar manhajar kwamfutar ta yarda a ajiye ƙaramin fayil a gefen babba, abin da aka rubuta a cikinsa ya rinjayi na babban. Layi ɗaya ya isa. Sagiru ya ce wannan wayo ne, kuma ba a yi wa rantsuwa wayo. Da suka kasa daidaitawa, suka tafi zauren Alƙali Maiwada, wanda ya daɗe da ajiye aiki amma mutane ba su daina kawo masa rigima ba.

Alƙali ya saurare su, ya ce, "Ni ko waya sai an danna mini. Ku yi mini magana kamar kuna yi wa kakarku."

Zinatu ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ba zan taɓa rubutunsa ba. A gefe zan rubuta nawa. Ranar da aka cire nawa, kwamfutar za ta koma bin nasa kamar ba a yi komai ba."

Sagiru ya ce, "Malam, idan na toshe wa mutum baki na ce ai ban cire masa harshe ba, na yi gaskiya? Tun Injiniya yana raye Zinatu take ganin ta fi shi."

"Yaya Sagiru, ji tsoron Allah. Mata takwas ke jira, ɗaya ƙafafunta duk sun kumbura."

Alƙali ya ɗaga hannu, suka yi shiru. Ya dubi Sagiru ya ce, "Ɗana, kai zan tambaya, tunda kai ka fi daɗewa da Injiniya. Ranar da aka kawo kwamfutar nan sabuwa, bebiya ce? Ba ta san yadda ake sadarwa ba sai da Injiniya ya koya mata?"

"A'a, ta zo da nata fayil, na waɗanda suka ƙera manhajar."

"Ina yake yanzu?"

"Yana nan a foldarsa ta ƙasa, wato ma'ajiyar da suka sa shi a cikin kwamfutar."

"Tana bin sa?"

"Ba ta bi. Injiniya ya rubuta nasa da suna iri ɗaya, ya sa a foldar sama, wadda aka ware wa mai kula da na'ura. Idan suna ya zo ɗaya, na sama take ɗauka."

"To me ya hana shi goge na ƙasan, ko ya gyara shi?"

Sagiru ya ɗan yi murmushi, don ya sha jin amsar daga bakin maigidansa. "Cewa yake ba nasa ba ne. Kuma ko ya gyara, ranar da aka sabunta manhajar gyaran zai tafi. Cewa yake ka bar na mutane inda yake, ka ɗora naka a inda za a iya ɗauke shi."

Bai gama rufe baki ba murmushin ya ɓace.

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Ka ji shaidarka da kunnenka. Fayil ɗin da kuka rantse a kansa, shi kansa rufi ne a kan na wasu. Idan rufewa cin amana ce, to maigidanku ne ya fara, kuma na san ba za ka ce haka ba. Ya hana ku gogewa, domin abin da aka goge ba a komawa gare shi. Bai hana ku yin abin da kuka ga yana yi ba. Hukuncina shi ne Zinatu ta rubuta layinta a gefe, ta sa sunanta da dalilinta a kai, yadda wanda zai zo bayanta zai san abin da zai cire. Nasa kuma kada a taɓa. Babu kaffara a kan kowa."

Ya juya ga Zinatu ya ƙara da cewa, "Ke kuma, 'yata, kada ki yi murna da yawa. Wata rana wani zai ɗora nasa a kan naki. Wanda ya gaji aiki, hakkinsa ya gyara hanya, hakkin da ke kansa kuma ya bar sawun na gabansa a inda za a iya gani."

Sagiru ya laluba aljihu, ya fito da makullin ɗakin na'urar da ke hannunsa tun ranar jana'iza. Ya ajiye shi a kan tabarma kusa da Zinatu, ya sa takalmansa, ya fita.