Sarki Barmo da Tsofaffi Tara

A wani zamani mai tsawo, can bayan manyan duwatsu, an yi wata daula mai suna Zarkama, wadda sarakunanta ba su taɓa kaiwa shekara arba'in ba, domin duk a fagen fama suke cikawa. Sarki Barmo ne na farko da ya kai saba'in, sai hannunsa ya soma rawa, tafiyarsa ta yi nauyi, sunan bafadensa ma sai ya maƙale masa ya ƙi fitowa. Fadawa, da yake ba su taɓa ganin furfura a ƙarƙashin rawanin sarauta ba, suka ce ai sammu ne. Bokan fada ya buga ƙasa, ya nuna Nomau wanzami, wanda ya shekara hamsin yana yi wa Sarki aski, wai shi ke kai gashinsa wajen matsafa. Ka ji fa! Aka sa bawan Allah a mari, aka ce ranar Juma'a za a sare kansa. Sarki ya amince, bai ji komai a ransa ba; kwanakin nan ko abinci ba ya jin ɗanɗanonsa.

Ranar Alhamis da hantsi ya murza zoben kakanninsa, sai ga Aljana Sambuwa, mai tsaron gidan sarautar. Ya ce, "Ya ke uwar ɓoye, ki karya mini wannan sihiri."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na magani sai na auna. A kawo mini tsofaffi tara sa'o'inka daga cikin gari, ka tuɓe rawani ka shiga cikinsu."

Da aka kawo su, Sarki ya shiga cikinsu, ta faɗa musu sunayen tsuntsaye biyar, ta ce su riƙe. Ta ba kowa ƙwarya cike da ruwa ya ƙetare farfajiyar fada. Sarki ya zubar kaɗan, wani maƙeri kuwa har rigarsa ya jiƙa. Ta ba su allura da zare su zura, Sarki ya zo na huɗu. Da la'asar ta nemi tsuntsayenta. Wani masunci ya kawo biyar cif, Sarki ya kawo uku, yawancinsu ma ukun suka kawo.

Ta ce, "Ya mai Zarkama, ba wanda ya yi maka komai. Abin da ke jikinka yana jikin waɗannan duka. Shekaru ne."

"To, maganinsa fa?"

"Sanda mai ƙwari, da tattaki kowace safiya, da aboki mai tuna maka abin da ka manta. Da sihiri ne, da na karya shi kafin ka ƙifta ido."

Sarki kam, wallahi ya so a ce sihirin ne.

Aka saki Nomau, aka kori boka. Aka ɗaura auren Gimbiya Kandala, 'yar Sarki, da ɗan wanzamin, waɗanda dama sun daɗe suna son juna. Aka kwana bakwai ana kiɗa, Sarki yana jin gangunan kamar daga wani gari.

Bayan biki Nomau ya shigo da askarsa, sawun mari bai bar ƙafarsa ba. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in faɗi gaskiya, shekara uku ke nan nawa hannun yana rawa. Tsoro ya hana ni faɗa."

Sarki ya dubi askar tana kaɗawa a hannun mutumin da ya kusa kashewa. Ya cire rawani, ya rufe ido, ya miƙa masa kai, ya ce, "Yi a hankali, Nomau, ba inda za mu."