Ragon da Gara Ta Kasa Ci

Ku matso, wannan ni na gani da idona! Malaminmu na cewa wai cikin tsohon kundi yake, shekara ɗari uku. To, ina ruwana? Ina wurin.

An ce a ƙasar Dutsen Maje an yi wani Sarki mai wani farin rago da yake so kamar ɗansa. Ragon ya mutu, Sarki ya daina cin tuwo. Sai wani mai sassaƙa turmi, Mantau, ya ɗauki gizago ya fitar da ragon nan daga gungume, har karyayyen ƙahonsa na hagu. Sarki ya gani ya yi ƙwalla, ya ba shi riga.

Barmo Sarkin Sassaƙa yana tsaye. Shekara talatin yana yi wa fada kujeru, ko kyautar hula bai taɓa samu ba. Ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, bari bawanka ya zaɓa masa mazauni." Ya je ya baje wani tsohon shurin gara, ya shafe da ƙasa, ya ɗora ragon a kai.

Damina ɗaya, Sarki ya shafa bayan ragonsa, hannu ya burma. Gara ta cinye cikin tas.

Barmo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ruɓaɓɓen ice ya kawo maka. Hannun da ya ha'inci Sarki, yankewa ake yi."

Mantau ya durƙusa ya ce, "Zaki, an ce wani manomi maƙwabcinsa ya toshe masa hanyar rafi don baƙin ciki. Da ƙishi ya dame shi, sai ya haƙa tsakar gidansa, ya sami ruwan da ya fi na rafi. A ba ni wata uku in haƙa."

Sarki ya ce, "Uku. In ka kasa, hannun nawa ne."

Mantau ya koma gida ya tarar da tsohuwarsa tana koɗa dutsen niƙa, ƙwas, ƙwas. Ya ce, "Inna, gara na cin wannan?"

Ta ce, "Kai, sakarai, da wane haƙori?"

Ya karɓi makoɗin, ya hau sassaƙa dutse. Yatsu suka fashe, bai bari ba. Ran da wa'adi ya cika, ƙatti takwas suka sauke rago na dutse. Mantau, da yake yana zargin wurin, ya ce a kai shi mazaunin da Barmo ya zaɓa, ya sa aka tona gefe, gara ta yi ta ɓuɓɓugowa gaban Sarki.

Sarki ya dubi Barmo, ya cire masa rawani, ya naɗa wa Mantau. Hassada ga mai rabo taki ce, jama'a.

Barmo don haushi ya kai wa ragon shuri da ƙafa, babban yatsa ya karye, ragon kuwa ya ce "meee".

To, kukan nan ni na ƙara. Amma yatsan, wallahi ni na ɗaure masa.