Wa Zai Riƙe wa Tasalla Shawara?

Ku matso, yau sai kun raba mini wata gardama kafin ku tashi.

Tasalla mai daddawa mace ce mai kamun kai. Sai ga ta tana zagin masu saye, ta ɗora kalwa a wuta ta tafi unguwa. Ita kanta abin yana ba ta tsoro, don tana ganin ɓarnar amma ta kasa tsawatar wa kanta. Maƙwabta suka ce tsufa ne. Babbar 'yarta Barira ta ƙi yarda, ta ja ta asibiti da ƙyar. Hoto ya nuna ƙari a gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke tsara aiki yana hana mutum aika-aika. Likita ya ce da an ƙara wata biyu, da aiki ya gagara.

Amma ta ina za a shiga? A kuskure kaɗan, ta tashi da rai amma ba Tasalla ba. Ɗanta Nafi'u, wanda ake wa tsiya wai ya auri kwamfuta, aikinsa ke nan a jami'a. Ya gina kwaikwayon jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarta a kwamfuta, shi da likitocin suka yi ta gwada yanka a kan kwaikwayon har suka sami hanya guda mai aminci.

Ranar aiki, a farke aka bar ta don a riƙa gwada hankalinta. Ƙaramar 'yarta Sahura, wadda ta gaji sana'ar, ta riƙe hannunta tana tambayarta yadda ake daddawa, daki-daki. Tasalla na amsawa, sai ta ce a daka kalwa a dunƙula kafin a rufe ta ta kwana, alhali sai bayan ta kwana ake wannan dakan. Duk ɗakin ba wanda ya ji kuskure sai Sahura.

"Likita, tsaya! Inna ta juya aikin," in ji Sahura.

Ya janye hannunsa. Ashe saura ƙiris ya ɓata wurin da ke tsara aiki.

Tasalla ta warke, ta koma kan tukunyarta. Sai dai likita ya ce ƙarin yana iya dawowa, don haka ya ba ta takarda ta zaɓi ɗaya cikin 'ya'yan nan uku tun tana cikin hayyacinta, wanda zai yanke mata shawara ranar da tata ta gaza. Kwana bakwai takardar na cikin kwallarta, ko abinci ba ta iya ci.

To, ku da kuka ji, hannun wa ya kamata ta damƙa hankalinta?