Tambayar da Aka Yi wa Uwar Biba

Mansura ɗiyar wani ma'aikacin gwamnati ce ɗan Madawa, amma a Yamai ta girma. Tana da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ta san haka. Aibinta shi ne gaggawa, da ganin cewa abin da ke kan takarda ya fi abin da ke bakin mutane. Ba ta son kowa ya riga ta gama aiki.

A shekararta ta ƙarshe ta koyon malanta, ta zaɓi fannin ƙananan yara waɗanda ba su isa shiga aji ɗaya ba. Malama Zalika ce ke koya musu yadda ake bincike a kan irin waɗannan yara. Kullum tana ce musu, "Yaro ɗan shekara biyar ba ya sakin jiki da baƙo. Ku zauna nesa ku kalle shi yana wasa. Ku koma gobe, ku koma jibi. Kada ku tsaya ga bakin mutum guda. Ku nemi wanda ke riƙon yaron, don ba lalle uwarsa ba ce." Mansura ta rubuta wannan duka a kayenta, wato littafin rubutunta, ta ja layi a ƙarƙashi.

Aka tura ta wani ƙauye kusa da Deule, inda za a buɗe ajin ƙananan yara. Gurbi ashirin da biyar ne, yara kuwa arba'in. Rahotonta ne zai nuna waɗanda suka shirya shiga. An ba ta kwana biyar, ita kuwa ta ƙudurta gamawa cikin biyu.

A rana ta biyu ta shiga gidan Idrisa, wanda ya tafi ci rani. Ta tarar da matarsa Dela tana daka tare da wata maƙwabciya, ga wata yarinya a gindin rumbu. Ita ce Biba. Mansura ta fito da hotuna, ta ce, "Zo nan. Mene ne wannan?" Biba ta rufe fuska da zane. Ta sake tambaya sau biyu, shiru. Sai ta juya ga uwar.

"Yaya sunan ɗiyarki?"

Dela ta sunkuyar da kai. "Waccan?"

"Ita. Tana magana?"

"Oho."

"Tana ƙirga? Tana waƙa?"

"Wa ya sani? Ba wani wayo gare ta ba."

Maƙwabciyar ta yi dariya ta ce, "Haba Madam! Ɗiyar hwari ta hwa. Ko ke ba a haihe ki ƙasar ga ba? Kakarta ka riƙon ta, ta tahi kasuwar Buza. Ki jira ta gobe, sai kunnenki ya gaji."

Mansura ta taɓa jin cewa uwa ba ta ambatar sunan ɗan farinta, ba ta kuma yabonsa a gaban mutane, amma ta ɗauka al'ada ce da ta shuɗe. Ta ce, "Takarda ta ce a tambayi uwa. Ba ta ce kaka ba, ba ta ce maƙwabciya ba." Ta rubuta cewa yarinyar ba ta magana, hankalinta bai kai na tsararrakinta ba, kuma uwarta ta tabbatar. Da la'asar ta shiga mota. Ita ce ta fara miƙa rahoto a ajinsu.

Ranar da Mushe Abdoulkadir, shugaban lakwal, wato makarantar ƙauyen, ya karanta sunaye a ƙofar maigari, kakar Biba ta tambayi dalilin da ya sa babu jikarta. Ya duba takarda ya karanta dalilin a gaban jama'a. Tsohuwa ta yi rantsuwa, ta yi kuka, amma aka ce sunaye sun riga sun tafi ofishin ilimi a Buza. Tun daga ranar yara suka fara kiran Biba bebiya. In ta zo wurin wasa sai su kewaye ta suna cewa, "Yi magana mu ji!" Sai ta daina zuwa.

Bayan wata uku Malama Zalika ta kai ga rahoton. Ta lura yara biyar aka ce ba su magana, huɗu daga ciki kuwa ƴaƴan fari ne. Ta kira Mansura ta ce, "Kwana nawa kika yi?" Mansura ta faɗi gaskiya. Malamar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce kawai, "Ɗauko gyalenki."

Da suka isa ƙauyen suka bi gida gida. Yara uku aka gyara takardunsu, aka samar musu wuri. A gidan Idrisa kuwa kakar ce ta tare su.

"Ke ce Madam ɗin? Ɗiyar da ka ƙirga min awaki safe da marece, ta yi min tatsuniya har in ce ta bar ni in huta, ita kinka ce bebiya? To, yanzu ta zama. Ni ka roƙon ta ta yi magana."

Mansura ta durƙusa. "Inna, ki gafarce ni. Na gyara takardar. Ga gurbinta nan."

Idrisa, wanda ya dawo don damina, ya fito daga ɗaki. Ya ce, "Malama, ban raina ku ba. Amma wurin da anka kunyata ɗiyata gaban gari, ba ni mai da ta can. Na yi magana da yayata da ke wata ruga wajen Keita. Gobe za ta tahi da ita, can ba wanda ya san sunan da anka laƙa mata." Rugar da yayar ke zaune babu lakwal kusa. Malama Zalika ta roƙe shi, maigari ya sa baki, amma Idrisa bai sauya ba.

Mansura da malamarta suka kwana a garin. Da safe aka ɗora Biba a kan amalanke da ɗan ƙunshin kayanta. Kakar na kuka, maƙwabta na yi mata addu'a. Dela ba ta fito ƙofa ba, don ba daidai ba ne a ga uwa tana rakiyar ɗiyar fari. Mansura ta leƙa cikin gida, ta gan ta tsaye gaban turmi ta ba ƙofa baya. Tana ta daka, turmin kuwa babu komai a ciki.

Darasin wannan labari shi ne, mai bincike a kan ƙananan yara amana ce a hannunsa, domin yaron ba zai iya kare kansa daga abin da aka rubuta a kansa ba. Kafin ka yanke hukunci, ka zauna ka kalla, ka sake komowa, ka ji daga baki fiye da ɗaya, ka kuma san al'adar gidan da ka shiga. Ana iya gyara kuskure a takarda cikin ɗan lokaci, amma abin da ya ɓata a rayuwar yaro ba kullum yake gyaruwa ba.